Daga Rumbu Zuwa Kantar Ƙarfe: Tarihin Ajiyar Kaya a Dutsin-Ma da Kurfi

Ajiyar hatsi ita ce tushen kowace irin ajiya a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Garuruwan biyu suna kan hanyar da ta fito daga birnin Katsina ta yi kudu, ta ratsa Batagarawa da Kurfi, mazaunin Maradin Katsina, kafin ta kai Dutsin-Ma, mazaunin Yandakan Katsina. Ruwan sama a wannan yanki wata huɗu ne zuwa biyar a shekara, kuma abin da gona ta bayar da kaka shi za a ci har wata kakar ta zagayo. Saboda haka tun kafin a san siminti ko ƙarfen gini, manomi ya riga ya zauna ya yi tunanin inda zai sa amfaninsa, da abin da zai ɗora shi a kai, da yadda zai riƙa ɗiba ba tare da ɓarna ba. Waɗannan tambayoyi uku su ne har yau mai sito ke amsawa idan zai zaɓi katako ko kanta ko dogayen kantocin ƙarfe.

Rumbun gargajiya iri biyu ne a yankin. Akwai na kara ko zana, wanda ake saƙawa da karan dawa ko ciyawar gamba, a ɗora shi kan itatuwan da aka gicciya bisa duwatsu, a kifa masa jinka. Akwai kuma rufewa, wadda ake ginawa da laka mai haɗe da ciyawa, cikinta ya buɗe, wuyanta ya tsuke, bakinta yana sama a ƙarƙashin ɗan rufin ciyawa da ake ɗagawa idan za a shiga. Na kara ya fi arha da saurin yi, iska kuma tana ratsa shi, amma wuta da ɓera da ɓarawo ba sa shan wahalarsa. Rufewa tana cin aiki da gwanin magini, sai dai tana shekaru masu yawa, kuma idan aka yaɓe bakinta hatsi yakan daɗe a ciki lafiya.

Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ke zaune a ƙasa. Duwatsun da ke ƙarƙashi suna raba hatsi da danshin damina da ruwan da ke malala a tsakar gida, suna tare wa gara hanya, ko aƙalla su sa a ga hanyarta tun ba ta kai ga dami ba. Sararin da aka bari yana ba iska wurin wucewa, kaji kuma suna shan inuwa a nan suna tsince ƙwarin da suka faɗo. Manomin da bai taɓa jin labarin ma'aunin danshi ba ya san cewa hatsin da ya kwana a ƙasa ya fara mutuwa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma duk ƙa'idojin da masana ajiya suka rubuta daga baya ba su rushe ko ɗaya daga cikinsa ba.

Gero da dawa a dami ake zuba su, ba a sussuke ba. Zangarniya da ƙaiƙayinta kariya ce daga ƙwaro, kuma tsakanin dami da dami akwai kafofin iska. Dami ya kuma zama ma'aunin lissafi: da shi maigida ke sanin abin da ya noma, da shi ake fitar da zakka, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya raya idan ya kai nisabi. Wake ne ya fi ba da wahala, don ƙwaronsa tun daga gona yake shiga. Akan bar shi a kwanso, ko a sussuke a cakuɗa da toka ko rairayi ko busasshen barkono a cikin tulu ko ƙaramar rufewa a liƙe baki.

Rumbu yana da aibi guda da ya kamata a faɗa, domin shi ne aibin da ya biyo ajiya har cikin manyan ɗakunan ajiya na zamani. Tunda ta sama ake zubawa kuma ta sama ake ɗiba, abin da ya shiga ƙarshe shi ke fita farko, na ƙasa kuwa yana nan yana tsufa. Maganin da aka yi wa wannan shi ne yawaita rumbuna: na gero daban, na dawa daban, na bana daban da na bara, sannan kafin kaka a kwashe ragowar, a share, a yaɓe tsaga. Rabon rumbuna ya kuma bi tsarin gida. Na gandu yana hannun maigida, shi ke da ikon buɗewa. Abin da ɗa ko ƙane ya samu a gayaunarsa nasa ne. Mata ma suna da nasu ajiya. A gidaje da dama akan rufe babban rumbu da rani lokacin da samari suka tafi cin rani, sai damina ta sauka, aikin gona ya yi tsanani, sannan a buɗe shi.

A cikin ɗaki kuwa, kayan da ba hatsi ba suna da nasu wuri. Ragaya tana rataye ƙwaryar nono ko fura nesa da kyanwa da tururuwa. Jeren amarya na ƙore da tasoshi da kwanoni ana tsara shi hawa-hawa a jikin bango. Attajirai suna da taska a can cikin gida don tufafi da gishiri da kanwa. Fatake suna sauke taiki da mangala a zauren mai masaukinsu, wanda shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai tsaya musu wajen ciniki. Huhun goro ba ya son zafi ko bushewa, don haka akan nema masa lungu mai sanyi a riƙa kwancewa ana tsince wanda ya lalace.

Ajiya ba ta taɓa zama batun gini kawai ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967 ta kuma wallafa Rural Hausa a 1972, ta nuna cewa babban abin da ya raba mai hali da talaka a ƙauye shi ne ikon riƙe hatsi. Talaka yakan sayar da kaka lokacin da farashi ya faɗi, saboda haraji da bashi da biki, sannan ya dawo ya saya da tsada da bazara ko tsakiyar damina, sau da yawa daga rumbun maƙwabcinsa. Ta kuma lura cewa yawancin wannan ciniki a cikin gidaje ake yin sa, ta hannun matan aure da yaran da ke yi musu talla. Batagarawa maƙwabciyar Kurfi ce, noma da al'ada iri ɗaya ne, don haka bayaninta ya shafi yankin gaba ɗaya. Shekarun yunwa sun tabbatar da haka da zafi: Kakalaba a 1914, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942, sai farin 1972 zuwa 1974. A kowace, gidan da ke da rufewar shekara biyu ya tsallake, wanda ba shi da ita ya sayar da dabba ko gona ko ya yi ƙaura.

Buhu ne ya kawo sauyi na farko mai girma. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma cikin shekara biyu cinikin gyaɗa ya kankama fiye da yadda Turawa suka zata, don su auduga suka sa wa rai. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Dutsin-Ma da Kurfi ba su kan layin dogo, saboda haka gyaɗarsu da audugarsu a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, ake kai su inda jirgi yake. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO da CFAO, tare da manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, sun baza wakilai da sikeli a kasuwannin ƙauye. Kayan da za a auna a sikeli, a loda a mota, a ƙirga a tasha, dole ya zama ɓararre kuma a buhu mai nauyi ɗaya. Daga nan buhun algarara ya fara ture dami a matsayin ma'aunin ciniki, ko da yake dami ya ci gaba da mulkinsa a cikin gida.

Dalar gyaɗa ta Kano ita ce mafi shaharar tsarin ajiyar buhu da Arewa ta taɓa yi. Ba don ado aka fara ta ba: gyaɗa tana zuwa gaba ɗaya cikin 'yan watannin kaka, jirgi kuma ba ya iya kwashe ta da wannan sauri, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da taragu da kawunan jirgi suka yi ƙaranci. Bushewar iskar rani ta ba da damar ajiya a fili. Akan yi dandamali a ɗaga shi daga ƙasa, 'yan dako su jera buhu a kai, kowane sahu ya ɗan ja ciki daga na ƙarƙashinsa har a kai tsini, babbar dala ta ci buhu har 15,000. Siffar tana da dalili. Buhunan da kansu su ne matakalar hawa, nauyi yana komawa tsakiya don haka ba ta kifewa, idan kuma aka lulluɓe ta da tamfol ruwan damina sai ya zurare. Wanda ya san buhu nawa ke gindin dala ya san jimillarta ba sai ya ƙirga ɗaya-ɗaya ba.

Amma dala ta gaji aibin rumbu, ta ma ninka shi. Buhun tsakiya da na gindi ba a isa gare su sai an rushe komai, kuma gyaɗar da ta shekara fiye da ɗaya a jibge ta zama gidan ƙwari, musamman wani ɗan ƙwaro mai jure zafi da bushewa da masana ke kira Trogoderma. Wannan ya sa aka riƙa lulluɓe dala da tamfol marar fitar da iska ana sa mata hayaƙin magani, ya kuma ba da aiki ga sashen binciken kayan ajiya da Turawa suka kafa, wanda ya zama cibiyar NSPRI ta yau mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 kuma, sakamakon abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, aka gano gubar afalatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba. Tun daga lokacin danshi ya zama batun lafiya da na kasuwar duniya, ba na asarar nauyi kaɗai ba.

Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, sun mayar da saye hannun wakilai masu lasisi, kuma mallakar wurin ajiya mai kyau yana cikin abin da ake dubawa. Haka sito mai rufin kwano da daɓen siminti ya shigo garuruwan hakimai. Fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dala, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Sito bai mutu tare da su ba. Ya koma hannun 'yan kasuwar hatsi masu saye da kaka a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma da sauran kasuwannin mako, su ajiye, su kai Katsina ko Dawanau a Kano, ko su tsallaka da shi Maraɗi ta Jibiya. Ya kuma koma hannun gwamnati: shirin raya noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 ya yaɗa takin zamani da cibiyoyin rabonsa, bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 kuma hukumar raya noma ta jihar, KTARDA, ta ci gaba da aikin. A Dutsin-Ma gwamnatin tarayya ta gina ɗaya daga cikin rumbunanta na ƙarfe na ajiyar ko-ta-kwana, inda ake zuba hatsi tsurarsa ba buhu, injin ya ɗaga shi sama ya zuba, a ɗebe ta ƙasa. A wannan tsari ne kaɗai aka juya dabarar rufewa, wanda ya riga shiga ya riga fita.

Kanta ta shigo ta wata ƙofa daban, ta kantin Turawa da na Kwara. Atamfa da sabulu da ashana da sukari da gwangwanaye kaya ne ƙanana masu iri-iri, waɗanda mai saye ke son gani, mai sayarwa kuma ke son miƙa hannu ya ɗauko. Kafinta ya buga katako hawa-hawa a bango, wannan ya zama siffar shago har yau. Ci gaban Dutsin-Ma ya ƙara wa irin wannan ciniki yawa: ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 wadda ta kawo dubban ɗalibai da ma'aikata. Kayan masarufi daga kasuwar Singa ta Kano, yadi daga Kantin Kwari, magunguna, kayan gyaran babur, maganin feshi da iri, duk a kwali suke zuwa, kuma kwali ba ya jure abin da buhu ke jurewa. Idan aka jibga shi da yawa na ƙasa ya murƙushe. Idan ya sha danshi ya saki.

A wasu ƙasashe kuwa tarihin ya bi wata hanya. Motar ɗaga kaya ta fara bayyana a masana'antun Amurka wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a yaƙi na biyu sojojin Amurka suka yaɗa amfani da falet, wato ɗan dandamalin katako mai kafofi a ƙasa inda motar ke zura yatsunta ta ɗaga kaya tan guda a lokaci ɗaya. A Landan, Demetrius Comino, mai gidan ɗab'i da ya rasa inda zai jera takardunsa, ya ƙirƙiro ƙarfe mai kusurwa da huji-huji da ake ɗaurewa da noti, ya fara sayar da shi da sunan Dexion a ƙarshen shekarun 1940. Malcom McLean ya fara jigilar kwantena a jirgin ruwa a 1956, hukumomin jiragen ƙasa na Turai kuma suka amince da falet mai girma ɗaya, mita 1.2 da santimita 80, a 1961. Dogayen kantocin ƙarfe na manyan ɗakunan ajiya sun fito ne daga haɗuwar waɗannan abubuwa a ƙasashen da fili ke da tsada, ladan ma'aikaci ke da tsada, inji kuma ke da arha. An ƙera su don falet da motar da ke ɗaga shi. In babu waɗannan biyu, hawa na uku da na huɗu ba su da amfani ga kowa.

Dogayen kantocin su ma iri-iri ne. Mafi yawa shi ne wanda aka jera layi-layi da hanya a tsakani, kowane falet ana iya isa gare shi kai tsaye. Yana cin fili, don motar ɗaga kaya ta yau da kullum tana bukatar hanya mai faɗin kusan mita uku da rabi ko huɗu kafin ta juya. Akwai wanda motar ke shiga cikinsa ta ajiye kaya tun daga ƙurya, yana ɗaukar kaya da yawa a ƙaramin wuri amma na ƙurya sai an kwashe na gaba, don haka bai dace da abin da ke da ranar lalacewa ba. Akwai mai hannuwa miƙe babu ginshiƙin gaba, na dogayen kaya irin rodi da bututu da katako. Sai matsakaiciyar kanta mai faɗi da ake lodawa da hannu.

A Dutsin-Ma da Kurfi sharuɗɗan a juye suke. Fili bai kai na Legas ko Kano tsada ba, 'yan dako suna nan, inji da man da zai sha da makanikinsa su ne masu tsada, kuma kayan da suka fi yawa a buhu suke zuwa, a kan tirelar da ke ɗaukar buhu 600 na taki ko siminti mai kilo 50. Ga irin wannan kaya jeren buhu a kan katako ya fi kowace kanta dacewa, in dai an bi ƙa'idarsa. A shimfiɗa falet ko gungumen katako don buhu ya tashi daga daɓe. A bar tazarar kusan mita guda tsakanin jere da bango, da sarari tsakaninsa da rufin kwano, don mutum ya iya zagayawa ya duba, ya share, ya lulluɓa tamfol idan za a sa magani. A sarƙa buhunan yadda magini ke sarƙa tubali, sahu ɗaya a miƙe, na samansa a gicciye, kada gaɓa ta hau gaɓa. Buhun leda da ya maye gurbin algarara tun daga shekarun 1970 yana da santsi, don haka jerensa ba ya kai tsayin na da ba tare da haɗarin zamewa ba. Siminti ba a so ya wuce buhu goma a tsaye. Taki da maganin feshi ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci. Masara da dawa su bushe har danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuwa kashi 7 ko 8, kafin a ɗinke baki.

Abin takaici shi ne sau da yawa a nan ne sito ya gaza rumbun da ya gada. Ganin siminti yakan sa a ɗauka cewa an rabu da danshi, sai a zube buhu a daɓe tsirara a jingina shi da bango har rufi don kada a bar taku ɗaya na haya a banza. Siminti kuwa yana tsotso ruwa daga ƙasa da damina, bango yana jiƙa, ɓera yana samun mafaka inda tsintsiya ba ta kai. Sahun ƙasa da na jikin bango su ne ke dunƙulewa ko yin fumfuna, kuma asarar buhu kaɗan ta fi kuɗin katakon da aka ƙi saye. Ga wake, sauƙi ya zo daga buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007 tare da masu bincike na yankin, ciki har da na cibiyar INRAN a Maraɗi, ake kuma ƙera shi a Kano. Yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da guba ba, abin da ke da muhimmanci ganin cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Sai dai huji ɗaya ya isa ya ɓata shi, don haka ya fi kowane buhu bukatar a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da ɓera da ƙusar falet.

Kanta kuwa wurinta shi ne kayan kwali da ƙananan kaya masu yawan iri. A nan zaɓi yana tsakanin katakon kafinta, da ƙarfen da mai walda ya haɗa a gari, da mai huji-huji da ake saye a Kano ko Kaduna a ɗaure da noti. Katako ya fi arha kuma ana gyara shi cikin sauƙi, amma gara na cin sa, yana lanƙwasa idan tazarar ƙafafunsa ta yi yawa, ga shi abincin wuta, kuma gobarar da ta sha cinye manyan kasuwannin Kano da ta babbar kasuwar Katsina a 2021 ta nuna abin da kanta da kwali da wayar lantarki ke yi idan suka haɗu. Na walda yana da ƙarfi amma hawansa a kafe yake, ba a ɗagawa ba a saukewa, kuma babu wanda ya auna nauyin da zai iya ɗauka. Mai noti ana sauya masa tsayin hawa, ana kwance shi idan an tashi daga shago, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan haya. Ko wanne aka ɗauka, mai nauyi yana ƙasa, marar nauyi yana sama, abin da aka fi nema yana daidai hannu, doguwar kanta kuma a ɗaure ta da bango. Masu sayar da magani ba su da zaɓi sosai, don hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suna bukatar a ɗaga kaya daga ƙasa a kan falet ko kanta, a kuma fitar da wanda ranarsa ta fi kusa.

Wanda ke tunanin kafa dogayen kantoci na falet, da daɓe ya kamata ya fara. Ɗaki ɗaya na irin wannan kanta mai hawa uku, kowane hawa da falet biyu na tan guda-guda, yana sauke tan 6 a kan ƙafafu huɗu da faɗin kowace bai wuce tafin hannu ba. Siririn daɓen da aka zuba wa shago ba zai ɗauka ba. Sai kankare mai kauri, shimfiɗaɗɗe sarai, wanda za a kafe ƙafafun a cikinsa da noti. Ana kuma bukatar tsayin rufi, da ƙofar da mota za ta shiga, da falet masu girma ɗaya, da alamar nauyin da kowane hawa zai ɗauka. Tsoffin kantocin da ake shigowa da su daga waje sukan zo da lanƙwasa ko tsatsa ko gauraye da sassan wani kamfani, ginshiƙin da ya lanƙwashe kuwa ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa ko da ido bai gani ba.

Matsalar tsaro ta shekarun baya-bayan nan ta sake sauya taswirar ajiya a yankin. A ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa, 'yan bindiga sun sha fasa rumbuna ko banka musu wuta, don haka manoma da yawa suna sussuke amfani da wuri, su zuba a buhu, su kai gidan ɗan'uwa ko ɗakin haya a cikin gari. Hatsin da a da zai zauna a dami cikin rufewa yanzu yana zaune sussukakke a ɗakin kwana ko shago, inda ƙwaro ya fi saurin kama shi, inda kuma sa ƙwayar maganin hayaƙi ke da haɗari ga mutanen da ke barci kusa. Bukatar ƙananan sito masu tsari a cikin garuruwan biyu ta ƙaru saboda haka.

Ta ɓangaren manyan kaya kuwa, tashoshin kwantena na tudu sun matso kusa: an ƙaddamar da ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtua a 2024, an kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya a 2021. Riɗi da zoɓo da waken suya da za su shiga kwantena suna bukatar tsabta da bushewa da lissafin kowane rukuni daban, kayan kamfani da ke fitowa daga cikinta kuma suna ƙara zuwa a kan falet. Manyan dillalan da ke karɓar irin waɗannan kaya su ne za su fara bukatar kantocin falet da motar ɗagawa, yawanci a Katsina da Funtua kafin Dutsin-Ma. Ɗan kasuwar hatsi na kasuwar Laraba da mai shagon taki a Kurfi kuwa, kayansu a buhu suke zuwa a buhu suke fita, kuma abin da sitonsu ke bukata shi ne rufin da ba ya yoyo, katako a ƙarƙashin jere, tazara daga bango, tagogin iska masu raga, da littafin da ke nuna wane jere ya riga shiga.